Awoyin masana'anta ne ke fara kawo labari

Mai masana'anta ba ya gaggawar sallamar ma'aikata da zarar ciniki ya ja baya. Awoyi yake fara ragewa, domin rasa ƙwararre da horar da sabo tsada gare su. In kasuwa ta farfaɗo kuma, awoyin yake ƙarawa kafin ya ɗauki kowa.

Shi ya sa Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka take fitar da matsakaicin awoyin aikin masana'antu duk wata, cibiyar Conference Board kuma ta sanya shi cikin ma'aunai goma na hasashen tattalin arziki. Ya saba wuce awa 40 a mako, amma a 2009 ya faɗo ƙasa da haka.

A Najeriya kuwa, tun 2023 aikin awa ɗaya a mako ya isa a ƙirga mutum cikin masu aiki, sai rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 zuwa 4.1. Ma'aikacin Sharaɗa da aka mayar kwana uku a mako ba ya cikin wannan adadi, amma tukunyar gidansa ta sani. Ya kamata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta riƙa fitar da awoyin masana'antu duk wata, don a ga hadari tun kafin ruwa ya sauka.