Makirufon wuyan riga da Hausar Garwa

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar "gari" a takarda ɗaya ce, amma a baki garin da ake zama a ciki wasalinsa na farko gajere ne, na tuwo kuwa dogo. Haka "kuka": ta zubar da hawaye sama-sama take, ta miya kuwa sama-ƙasa. Saboda haka ɗalibin da ya je nazarin karin harshe da biro da littafi kaɗai ya baro rabin hujjarsa a bakin mai magana. Wajibi ne ya naɗi murya, kuma naɗin da kunne zai iya yanke hukunci a kansa.

Garwa, babban birnin Lardin Arewa na Kamaru, wuri ne da wannan bukata ta fito fili. Fulatanci ne harshen kasuwa da titi, Faransanci na makaranta da ofis, Hausa kuwa tana raye a gidajen zuriyar fatake da malamai da suka daɗe a bakin kogin Binuwai, haka ma a Marwa da Ngaundare. Fulatanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ, ba shi da ts irin ta Hausa, ba ya kuma bambanta kalmomi da karin sauti. Shin matashin da ya tashi da harsuna uku yana raba "kafa" da "ƙafa" kamar yadda kakarsa take yi? Wannan tambaya ce mai daraja ga ɗaliban jami'o'in Marwa da Ngaundare da ta Garwa da aka kafa a 2022. Wayar da aka ajiye a tabarma ba za ta amsa ta ba, domin ƙarar baburan haya da fanka da janareta sun fi muryar tsohuwa ƙarfi.

Ƙaramin makirufo mara waya, wanda ake maƙalawa a wuyan riga, shi ya fi dacewa da wannan aiki. Kashi biyu ne: mai aikawa yana jikin mai magana, mai karɓa yana jone da wayar ɗalibi. Fa'idarsa kusanci, domin idan makirufo ya matso baki, murya tana rinjayar hayaniya. A maƙala shi kamar taƙi guda ƙasa da haɓa, a wajen tufa. Aikin babbar riga da mayafi da hijabi idan suna gogarsa sukan haifar da ƙaraurau da ke binne baƙaƙe. Idan iskar hunturu na kaɗawa, a sa masa 'yar hular gashinsa. Yawancin waɗannan na'urori suna aiki a zangon 2.4 GHz tare da Wi-Fi da Bluetooth, kuma jikin mutum yana tare siginar, don haka a zauna ana fuskantar juna, ba katanga a tsakani.

Abu uku ne ɗalibai suka fi sakaci da su. Na farko, maɓallin rage hayaniya: an yi shi domin masu bidiyon Facebook, yakan aske sassan murya tare da hayaniyar, don haka mai nazarin furuci ya kashe shi, ya nemi ɗaki shiru. Na biyu, ƙarfin ɗauka: idan ya yi yawa, murya takan fashe lokacin dariya ko ɗaga harshe, kuma abin da ya fashe ba ya gyaruwa. Na uku, gwaji: a naɗi minti ɗaya, a saurara da abin kunne kafin a shiga hira. A adana naɗin a tsarin WAV maimakon MP3, domin manhaja irin Praat ta samu cikakken sauti wajen auna hawa da saukar murya. Zafin Garwa a Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, batir kuwa ba ya shiri da rana. A cika caji, a ajiye a inuwa.

Akwai masu cewa na'ura a jiki tana sa mutum ya gyara harshensa, ya koma Hausar rediyo. Da gaskiyarsu, musamman ga makirufon da ake ɗaurawa a kai. Shi ya fi daidaita tazara da baki, amma dattijo mai rawani ba zai sake da shi ba, sai dai a bar shi ga matasa wajen karanta jerin kalmomi. Na wuyan riga kuwa, da hira ta yi daɗi an manta da shi.

Wannan mantuwar ita ce kuma haɗarinsa. Mai magana yakan shiga cikin gida da shi a jiki, yana ta ɗaukar zancen iyali. Ɗalibi ya nemi izini tun farko, ya faɗi inda muryar za ta je, ya bar mace ta maƙala wa kanta, ya kuma kashe na'ura da zarar an tashi. Muryar da aka ba shi amana ce, kuma gidan da aka ci amanarsa ba zai sake buɗe wa ɗalibi na gaba ƙofa ba.