Rumbu Ɗaya, Sunaye Uku

Na gaji da jin "ai kwamfuta ba ta ƙarya" a bakin ƴan ajinmu. To, ni ta kusa sa ni yin ƙarya, kuma a kan bakin iyayena.

Hutun bara na yawata Damargu da littafin rubutu: Tanut, Gangara, sai Belbeji. Tambaya ɗaya nake wa dattawa: wannan abu, me kuke ce masa? Wani ya ce zauna, wani ya ce zamna. Wani aure, wani amre. Da na dawo, wani aboki ya ba ni ɗan shirin Python da ya kwafo, wai zai rarraba mini kalmomin gari-gari. Sakamako ya fito tsaf: garuruwan uku, jeri iri ɗaya, ko wasali bai bambanta ba. Abokin har da tafi: "Ka ga ni? Hausar Damargu ɗaya ce!" Wallahi saura kaɗan in sa wannan a kundina.

Layi ɗaya ne ya jawo abin: garuruwa = [[]] * 3. Ido na ganin jeri uku. Python kuwa jeri ɗaya tak ta ƙirƙira, ta ajiye nuni uku da ke komawa gare shi. Kamar ka gina rumbu ɗaya ka rubuta masa Tanut a gabas, Gangara a kudu, Belbeji a yamma. Duk damin da ka zuba ta kowace ƙofa, wuri ɗaya yake sauka. Ka leƙa ta ko'ina, hatsi ɗaya za ka gani. Gyaran shi ne [[] for _ in range(3)], wanda ke gina sabon rumbu a kowane zagaye. Haka ma b = a ba kwafi ba ne, laƙabi ne kawai; ko a.copy() ma jerin waje kaɗai yake kwafa, na ciki suna nan a haɗe sai an kira copy.deepcopy.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne ya kamata mu fara gane wannan. Tun shekarar farko ake nanata mana cewa suna daban, abin da ake kira da shi daban. Yarinya ɗaya ce Hauwa'u a makaranta, Kulu a gida, Auta a wajen kakarta. In ta yi zazzaɓi, duka ukun sun kwanta. Mun ci jarrabawa a kan haka, amma da muka ga baƙin allo sai hankali ya tashi.

Wani zai ce mu ba injiniyoyi ba ne, kwafe-kwafe dole ne. Na yarda, ni ma ina kwafa. Sai dai Python ba ta yi kuskure ba, haka aka tsara ta, shi ya sa ba jan rubutu, ba gargaɗi. Kuma wa zai kama mu? Karin harshen Kano an yi ta rubutu a kansa, in ka ɓata wani zai gyara maka. Na Tarka fa? Wata ƙila jerinka ne kaɗai wani zai samu nan da shekara ashirin, ya gina nasa aikin a kai, alhali tsohon da ya ce maka zamna ya riga mu gidan gaskiya.

Ni littafina mai ƙurar kasuwar Tanut ne ya cece ni. Na buɗe shafin Belbeji, na ga amre da rubutun hannuna sau huɗu, na duba shafukan Tanut babu ko ɗaya, kwamfuta kuwa ta ba Tanut huɗun cif.