Wa Ke Biyan Kuɗin Wannan Hasken?

Duk taron da aka yi maganar baraj, kalma ɗaya ake ta nanatawa: wuta mai tsabta. Ba hayaƙi, ba gazuwal, ruwa ne kawai ke juya inji. Ni ma ina son kuran, kamar kowane ɗalibin da ya san zafin watan Afrilu cikin ɗaki ba fanka. Amma ban yarda da wannan "tsabta" ba, don na san akwai masu biyan kuɗinta, kuma mafi yawansu mutanen tsaunuka ne.

Injiniya ba ya neman fili shimfiɗaɗɗe irin namu na Maraɗi. Kwari yake nema, mai zurfi, tsakanin duwatsu biyu, inda zai toshe da bango ya tara ruwa ya sako shi da ƙarfi. To, wannan kwarin shi ne rayuwar ɗan tsauni. Bisa dutse ba a noman kirki. A fadama ƙasa mai kyau take, can shinkafa, can mangwaro da lemu, can makabartar kakanni. Wurin da aka shafa wa shuɗi a taswira aka ce tafki ne, gonar wani ce.

Mu duba Gine. Daga tsaunukan Futa Jalon kogin Gambiya ke tasowa, da Bafin mai zama kogin Senegal, da Konkure mai gangarawa teku. A kan Konkure kaɗai an gina baraj uku: Garafiri a 1999, Kaleta mai megawat 240 a 2015, sannan Suwapiti mai megawat 450, wanda kamfanin ƙasar Sin ya gina da bashin bankin ƙasar Sin. Tafkin Suwapiti ya ci murabba'in kilomita 253, ya tayar da mutum kamar 16,000 daga ƙauyuka da ƙananan tunga 101. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan halin da suka shiga. An gina musu gidajen siminti, gaskiya ne. An biya su kuɗin itatuwa da amfanin gona. Amma ƙasar kanta ba a biya ba, kuma ba a ba su wata a madadinta ba. Manomin da ke ci da iyalinsa daga gonarsa ya koma sayen shinkafa a kasuwa, yana roƙon aron fili wajen ƙauyen da aka sauke shi. Jama'a, siminti ake ci?

Haka dajin. A kan kogin Bafin an tsara baraj ɗin Kukutamba, megawat 294, cikin gandun da aka keɓe musamman don kare birai shimfanze. Masana sun yi gargaɗin har 1,500 daga cikinsu na iya halaka. Wani zai ce biri ne kawai. Amma dajin da ke riƙe da birin shi ke riƙe da ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta, shi ke sa idon ruwa ba ya ƙafewa da rani.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. Kogin Isa da ke ratsa Yamai, wanda ƴan Najeriya ke kira Kwara, daga tsaunukan kudancin Gine ya fito. An daɗe ana shirin baraj ɗin Fomi a kan Niyandan, ɗaya daga cikin rassansa. Bango na tare laka mai takin fadama, yana rage ambaliyar shekara. Wannan ambaliyar ce ke ciyar da masuntan Mopti da shanun Fulanin Masina masu kiwon burgu. Abin da aka riƙe a sama, na ƙasa ne ke rasa shi, kuma mu ma a ƙasa muke.

Na san amsar da za a ba ni: to mu zauna cikin duhu ke nan? A'a. Ban manta watan Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana wuta, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗinmu daga can yake zuwa. Ƙasar da maƙwabci ke riƙe da makunnin fitilarta ba ta gama samun ƴanci ba. Saboda haka muna bukatar Kandaji, can jihar Tilaberi, da megawat 130 ɗinsa, aikin da aka aza tubalinsa tun 2008. Kandaji ba tsaunin Futa ba ne, amma lissafin ɗaya ne: dubban mutane za su tashi, har da garin Ayoru, ga dorina da ayu da ruwansu zai canza.

Abin da nake cewa ba shi da wuya. Gona a madadin gona, kuma kafin ruwa ya taso. Gonar gado ƙasa ce ko da ba ta da takarda. Rijiya da likita da makaranta su riga mutane isa sabon gari. Igiyar wuta ta farko ta shiga ƙauyen da aka tayar kafin ta kama hanyar birni. Wani kaso na kuɗin wutar ya riƙa komawa gare su kowace shekara, a rubuce, a bayyane.

Cikinmu akwai masu karatun injiniya, da shari'a, da tattalin arziki. Gobe wani daga cikinmu zai sa hannu a irin wannan takarda. Idan aka miƙo maka ita da megawat a shafin farko, buɗe ka nemi shafin gonaki. In babu shi, kada ka sa hannu.