Maƙabartar Greyfriars na buƙatar mai gadi, ba ƙarin baƙi ba

A tsakiyar tsohon garin Edinburgh, babban birnin Sukotland, akwai wata maƙabarta da ta kewaye cocin Greyfriars. Tun 1562 aka ware filinta don binne mamata, kuma a 1679 an tsare fursunoni sama da dubu a gefenta sakamakon rikicin addini. Duk da wannan tarihi, an daɗe ana yi mata riƙon sakainar kashi.

Mafi munin ɓarna ta faru a 2003, lokacin da wasu matasa biyu suka fasa hubbaren George Mackenzie, lauyan gwamnati da ya rasu a 1691, suka cire kan wata gawa suna wasa da shi. Kotu ta same su da laifin keta alfarmar kabari a 2004. Shekara shida bayan haka, ƙungiyar World Monuments Fund ta sanya Greyfriars da wasu tsofaffin maƙabartu huɗu na birnin cikin jerin wuraren tarihi da ke fuskantar barazana.

Sai dai ɓarnar da ta fi ci wa wurin tuwo a ƙwarya yanzu ba ta 'yan ta'adi ba ce. Ta masoya ce. Akwai kabarin wani Thomas Riddell, wanda masu karanta littattafan Harry Potter ke dangantawa da mugun cikin labarin saboda kamancin suna. Kullum jama'a na tururuwa zuwa ɗaukar hoto a gabansa, suna tattake kaburburan da ke kan hanya, har ciyawar wurin ta koma taɓo. Da dare kuma kamfanoni na karɓar kuɗi su zagaya da baƙi suna ba su labarin fatalwa. Mamatan dai ba wanda ya nemi izininsu.

Majalisar birnin ce ke da alhakin maƙabartar, kuma kukan rashin kuɗi ya daina zama hujja. A Janairun 2025 ta amince da harajin kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin masaukin baƙi. Tunda baƙin ne ke cinye ƙasar Greyfriars da ƙafafunsu, ya kamata a ware wani kaso na harajin a shimfiɗa hanyoyin tafiya, a tallafi duwatsun kaburburan da suka karkata, a ɗauki mai gadin dare. Kamfanonin da ke cin abinci da labarin fatalwa su ma a yanka musu nasu kason.