Haƙori Ba Ƙusa Ba Ne

Jama'a, ana ta tallar wata roba garai-garai mai daidaita haƙora, wai ka aika kuɗi a aiko maka, ba sai likita ya gan ka ba. Mu kam ba mu yarda ba. Haƙori a cikin ƙashi yake dashe. In dasashi na da ciwo aka matsa masa, sai ya yi girgiɗi, har ya fita. Wa zai gane wannan in ba likitan da ya duba bakin, ya ɗauki hoton ƙashin ba? A Amurka, kamfanin SmileDirectClub ya rushe cikin Disamba 2023, ya bar masu saye a tsakiyar aiki, ba mai duba su. 'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, asibitocin koyarwa na garuruwanku suna da sashen haƙori. Can ya kamata a fara zuwa.