Tsohon Firiji Ba Abin Yasarwa Ba Ne

Mun lura da zarar tsohon firiji ya rage sanyi, sai maigida ya fid da rai da shi, alhali sau da yawa robar ƙofa ce ta saki, ko ƙura ta lulluɓe ƙarafan baya. Wannan kowa na iya gyarawa a gida: a cire wuta, a share ƙura, a sayo sabuwar roba. Amma kada a ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa, gama bututu yakan huje.

Sha'anin gas kuwa, a bar wa masu sana'ar. An daina yin R12 tun 2010 bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, R600a ta zamani kuwa tana kama wuta. Jama'a, tattali yana da kyau, amma rai ya fi firiji.