Karenmu ya mutu, kuma eh, na yi kuka

1/ Ranar Talata ina fitowa daga jarrabawa ƙanena ya kira ni: "Yaya, Duna ya mutu." Duna karenmu ne, shekara shida yana gidanmu. Na samu gindin bishiya na zauna, hawaye suka zubo. Na san wasu tun nan sun fara dariya. Ku yi abinku, amma ku bi zaren nan har ƙarshe.

2/ 'Yan ɗakinmu ma ba su raga mini ba. Ɗaya ya ce yaushe sadakar uku. Ɗayan ya ce "Malam, Bature ka koma ne?" Ban ji haushi sosai ba, don da ni ne a gefe ƙila ni ma haka zan yi. Haka muka taso, kare sai dai zagi da jifa.

3/ Baba ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, bayan an haura mana katanga an tafi da awaki biyu. Baƙi wuluk, da ɗan fari a ƙirji. Karen gida ne zalla, ba irin masu tsadar nan ba. Tun zuwansa ko kaza ba a sake ɗauka ba.

4/ Duk ranar da zan koma Zariya sai ya raka ni. Iyakarsa wani kwalbati kafin tasha, a nan yake tsayawa ya bi ni da ido. Ban taɓa koya masa haka ba.

5/ Ga yadda abin ya faru. Da damina ta kankama kaska ta cika masa kunnuwa. Ya daina cin abinci, ya koma ƙarƙashin rumfa ya kwanta. Fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi. A gida aka ce ƙila guba ya ci, aka ɗura masa manja. Washegari aka cusa masa maganin zazzaɓin mutane a cikin tuwo.

6/ Sai a kwana na biyar aka kira likitan dabbobi. Yana ɗaga leɓensa ya ga dasashi fari fat, ya ce jini ya ƙare. Ya yi allura, amma Duna bai kai asuba ba.

7/ Wata abokiyata mai karatun likitan dabbobi a Samaru ta yi mini bayani daga baya. Akwai ƙwayar cuta da kaska ke sakawa a jini, Babesia sunanta, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Shi ya sa fitsari ke duhu, dasashi ya yi fari. In an kama da wuri ana magance ta. Wannan "da wurin" shi ne ya hana ni barci.

8/ To ga abin da ya sa na buɗe zaren. Bara ragon layyarmu ya ƙi cin dusa yini ɗaya. Yini ɗaya tak! Kafin magariba an kira likita, an biya ba ciniki. Duna ya kwana biyar a kwance. Gida ɗaya, lambar likita ɗaya a waya.

9/ Ba laifin iyayena nake gani ba, har da ni a ciki. Kullum ina wuce tsangayar likitan dabbobi a makaranta, ban taɓa shiga na tambayi maganin kaska ba. Rago kuɗi ne a tsaye, kowa ya san farashinsa. Shi kuwa wanda ya kwana shekara shida yana gadin ragon, ladansa ƙanzo da sauran miya.

10/ Masu cewa ai najasa ne: a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, malaman mazhabar sun ɗauke shi ibada ce kawai. Hadisi ya yi izinin ajiye kare don kiwo da noma da farauta. Kuma tun muna islamiyya aka karantar da mu labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi.

11/ Ban ce ku kwana da kare a gado ba. Duna bai taɓa shiga ɗaki ba. Abin da na ce, in ka ɗaure dabba tana maka aiki, lafiyarta a wuyanka take.

12/ Sai masu cewa mutane na mutuwa, ga yunwa ga rashin tsaro, kai kana kukan kare. Na binne 'yan uwa, na san bambancin, ban haɗa ba. Amma tausayi ba mudun gero ba ne da za a ce na ɗebar wa kare ya ƙare.

13/ Kuma in mutane ne damuwarku, to ku saurara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duk ta cizon kare, yara da yawa a ciki. In alamu suka bayyana kusan ba a tashi. Rigakafin kuwa a Vom kusa da Jos ake yin sa. Karen da ba a yi wa allura ba a unguwarku yake kwana, yaranku ne ke jifansa.

14/ Yadda nake fama? Ba wani dabara. Na daina jin kunyar faɗa. Na goge hoton dasashin da ƙanena ya turo, na bar na kwalbati.

15/ Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, ba a jefa shi bola ba. Baba da kansa ya ɗauki fartanya ya haƙa rami a bayan garke, shi da bai taɓa kiran Duna da suna ba, sai dai "karen nan". Umma ta ce jiya har ta kankare ƙanzo ta nufi kwanonsa sannan ta tuna.

16/ Ɗazu Baba ya ce karyar maƙwabta ta haihu, ko a karɓo ɗaya? Na ce a bari na zo hutu. Sai na fara tambayo kuɗin allurai da maganin kaska tukuna.